Yaron Da Ya Fi Na'ura Sani

A duk ƙauyukan da ke kan duwatsun Rodopi, babu wanda ya san abin da ke cikin mai juna biyu kamar wani yaro ɗan aji huɗu. Shi ne ya faɗa da bakinsa. Ya ce ya taɓa kallon akuyar maƙwabta sau ɗaya, ya faɗi 'ya'ya nawa za ta haifa har da launinsu. Akuyar dai ba a tambaye ta ba.

Kakarsa Nedyalka ce ta koya masa dabarar. A lallaɓo ta bayan mai ciki, a barbaɗa mata gishiri a ka. In ta fara taɓa hanci, namiji ne. In ta taɓa baki, mace ce.

To, mamarsa tana da ciki. Ya lallaɓa ya zuba mata gishiri, kusan rabin gwangwani. Ta yi atishawa, ta kama hanci.

Washegari ya tsaya gaban aji. "Ƙane zan samu. An gama magana!"

"Kai, sarkin cika baki," in ji Radostina, wadda suke zama benci ɗaya. "Bari likita ta zo da na'urar hoton ciki mu ji."

"Na'ura? Ni na'ura ke tambaya."

Aji ya fashe da dariya. Shi ma ya yi, amma a ransa yana tunani. In fa na'urar ta ce mace ce?

Sau ɗaya a wata likita take hawowa ƙauyen. Na'urar tata ƙarama ce, a jaka take ɗauko ta. Ran Talata, yana dawowa daga makaranta, Nas Zlatka ta leƙo ta tagar asibitin ƙauye.

"Yaro, zo! Ka gaya wa mamarka likita ta canza rana. Gobe za ta zo, ba Juma'a ba. Kada ka manta."

"Ni? Ban taɓa mantuwa ba," in ji shi.

Bai manta ba kuwa. Ya dai haɗiye saƙon tare da miyar wake.

Ran Juma'a Mama ta hau tudu zuwa asibitin a hankali, tana hutawa a hanya. Ta tarar da ƙofa a rufe. Ta dawo ta zauna kusa da murhu, ta dafe ƙugu.

"An ce likita ta zo tun Laraba," ta gaya wa Baba. "Sai wani watan kuma, in dusar ƙanƙara ba ta toshe hanya ba. Cikin nan ya yi mini girma da yawa. Ban san lafiyar abin da ke ciki ba. Tsoro nake ji."

Yaron bai taɓa jin mamarsa ta ce tana jin tsoro ba. Ya ajiye burodin da yake ci.

"Mama," ya ce. "An ba ni saƙo. Ni na ɓoye."

"Don me?" in ji Baba.

"Kada na'urar ta ce mace ce, a yi mini dariya."

Baba ya dube shi ya daɗe. "Kana tsammani don a san mace ko namiji ake hoton nan? Ɗauko rigar sanyinka ka ajiye kusa. Gobe da kai za mu je birni."

Tafiyar awa biyu ce a bas, hanya kuma sai lanƙwasa. Duk kwanar da aka sha, Mama sai ta rintse ido ta cije leɓe. Yaron bai yi cika baki ko sau ɗaya ba, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin gidansu.

A asibitin birni, Likita Temenuzhka ta shafa wa Mama wani mai mai sanyi a ciki. Ta ɗora kan na'urar, tana zagayawa da shi. Sai ɗakin ya cika da ƙara, dum-dum, dum-dum.

"Bugun zuciya ke nan," in ji likita. Ta ɗan matsar da hannu. "Ga kuma wani. Tagwaye ne, duka mata."

"Biyu?" in ji Baba. Ya nemi kujera ya zauna.

Likita ta danna wani maɓalli. Fuska ta bayyana, da hanci da kumatu, da ɗan yatsa a baki. Ta sake dannawa, ja da shuɗi suka fito.

"Wannan jini ne yake gudana zuwa gare su. Tsofaffin na'urori ba sa nuna shi haka. Lafiyarsu ƙalau. Amma ɗaya ta kwanta a gicciye. Ba a ƙauye za ki haihu ba. Za ki riƙa zuwa awo duk mako biyu, in lokaci ya matso ki dawo nan ki zauna. Gara da kuka zo yanzu."

Mama ta saki dogon numfashi, ta yi murmushi.

A bas, yaron ya ce, "Mama, ki yafe mini."

"Na yafe. Amma ka riƙe wannan. Saƙon da aka ba ka amana ne. Kada ka ɓoye gaskiya don gudun dariya. Dariya tana wucewa, lafiyar mutum kuwa ba abin wasa ba ce."

"Na riƙe," in ji shi. Kuma ya riƙe ɗin, bai sake ɓoye saƙo ba.

Bakin ne dai ya ɗan fi wuyar gyara. Suna shiga gida Kaka ta tare su. "Yaya? Me aka gani?"

"Tagwaye, Kaka! Ni na fara hango ta biyun. Likitar ma ba ta lura ba, sai da na nuna mata."

"Kai?" in ji Mama tana kwance ɗankwali. "Kai da ka shige bayan babanka tun da na'ura ta fara ƙara? Ka ce a kashe ta kada ta fashe?"

Kaka ta yi dariya har da hawaye. Yaron ya sosa ƙeya.

"To, ƙarya ce," ya ce. "Amma na faɗi gaskiya da wuri yau, ko?"