Ƙanƙarar da Ba a Gani

A ƙofar ɗakin gwaji suka fara haɗuwa, can ƙarƙashin ginin sashenmu inda waya ba ta kama sabis. Ta sauko rungume da kwamfuta, shi kuma yana durƙushe a gindin wata na'ura da sufana a hannu.

"Kai ne Mai Ƙanƙara?"

"Haka suke cewa. Ke fa?"

"Ɗalibar digiri na uku. Ƙanƙara nake so ka yi min."

"Ta sha ko ta karatu?"

Ba ta yi dariya ba, amma ba ta tafi ba. Mu da muka daɗe a sashen mun san aure da yawa da ƙasa da haka ya fara.

Aikinta a kan wani jaririn tauraro yake, mai faifan ƙura da iska kewaye da shi, irin wanda duniyoyi ke dunƙulewa a ciki. A hasken da na'urar hangen nesa ta ɗauko ta ga alamar wani sinadari da take zaton a daskare yake jikin ƙurar. Zato kuwa ba ya ba mutum digiri. Sai an haɗa irin ƙanƙarar a duniya an gwada, kuma Mai Ƙanƙara kaɗai ya iya. A cikin tukunyar ƙarfe da aka zuƙe wa iska yake renonta, a hankali, makonni a jere. In sanyin ya yanke, aiki ya koma farko, ita kuma wa'adin miƙa kundinta ya kusa.

Kullum tana saukowa duba ƙanƙara. Ƙanƙarar ba ta buƙatar dubawa kullum, amma babu wanda ya ce komai. Sai saƙonni suka fara.

"Faifaina, an wayi gari sanyi na nan yadda kika bar shi. Mai gadinsa ne dai ba ya barci sosai."

"Sannu da gadi, Ƙanƙarata. Ka ci abinci. Na gaya wa Baba maganarka."

Baba tsohon shugaban tashar jirgin ƙasa ne, mutumin da ke duba agogo kafin ya amsa sallama. Yana da nasa zaɓin, likitan haƙori ɗan wani amininsa, wanda bai taɓa makara ba ko sau ɗaya. Ba dole ya yi mata ba. Cewa ya yi, "Masu kallon sama ba su san lokacin ƙasa ba. Amma ya zo ranar Asabar da yamma in gan shi. Sau ɗaya nake jiran mutum."

Ranar Asabar Mai Ƙanƙara ya yi wanka, ya sa kayan da bai taɓa sa wa kowa ba, ya ce bari ya leƙa na'ura a kan hanya. Ya tarar famfon da ke kai wa injin ruwan sanyi ya tsaya, injin na shirin kashe kansa. Ya fizgo tiyo ya haɗa da famfon wanke hannu. Bakin bai zauna ba, sai an riƙe. Ya riƙe. Ya ƙwala wa mai shara kira ta je ta nemo mai gyara, sannan ya tsaya yana kallon wayarsa da babu ko sanda ɗaya ta sabis.

A can gida Baba na zaune a falo, shayi ya huce. Likitan haƙori ya shigo gaisuwa, wai hanya ce ta biyo da shi. Da Mai Ƙanƙara ya samu ya hau sama, rana ta faɗi, saƙo na jiransa.

"Na tsaya maka a gaban mahaifina, ka shanya shi. Kada ka kira ni."

Bai kira ba. Mutum ne mai bin umarni, wannan ma yana cikin matsalolinsa.

Ranar Litinin ta sauko don kwashe littattafanta, ta tarar da mai gyara yana ɗaure sabon famfo.

"Ke ce mai ƙanƙarar? To ki gode wa wancan. Na same shi jiƙe sharkaf har takalmi, rungume da tiyo kamar ya samu ɗa."

Ta dubi allon. Sanyin bai motsa ba. Ta dubi Mai Ƙanƙara.

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Kin ce kada in kira."

"Wallahi kai dai..." Sai ta zauna a kan kujerarsa ta rufe fuska.

Baba ya ce ba ya karɓar uzuri ta bakin wani. Da ƙafarsa ya zo, ya sauka matakalar yana riƙe da ƙarfe, ya kafa ido a 'yar tagar tukunyar.

"Ban ga komai ba."

"Baba, ba ta kai kaurin gashi ba. Sai da haske ake auna ta."

"A kan abin da ba a gani ka bar ni zaune?"

"Nata ne, Baba. Da na saki, shekararta ta tafi."

Tsohon ya bi tiyon da ido har bango.

"In ba ka nan, wa ke karɓarka?"

"Babu kowa."

"To nan laifinka yake. Tsayawa a bakin aiki daidai ne, ko ni da na kori wanda ya gudu ya bar shi. Amma ba na ba da 'yata ga wanda ba shi da mai canji. Ka koya wa wani, sannan ka turo manyanka."

Aka duba sashen kaf, aka rasa wanda rashinsa a wurin biki ba zai dami kowa ba, sai ni. Haka na koyi riƙon tiyo da furfurata.

Ƙanƙarar ta nuna alamar da ɗalibar ta gani a faifan tauraron, ta kare kundinta, aka sa rana. Likitan haƙori ya halarci ɗaurin auren, an ce ya riga kowa zuwa. Ni dai ina ƙasa a gaban allo, sai da na hau shan iska saƙon amarya ya shigo.

"Malam, an ɗaura. Baba ya riƙe hannun ango ya daɗe yana sa mana albarka. Ango na tambaya, wai yaya sanyi?"

Na rubuta mata cewa sanyi lafiya lau, ta karɓe masa wayar. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa su tsufa tare.