Abin da Kurciya Ke Kallo

"Don Allah Injiniya, ka daina zuwa gidan nan!"

Ya tsaya a bakin ƙofa, akwatin kayan aikinsa a hannu.

"Me na yi miki, rabin raina?"

"Ba ka yi komai ba... ita ce ba ta son ganinka."

Ita ɗin Kurciya ce, 'yarta tilo mai shekara shida, wadda ke da lalurar galahanga, mai wahalar wa yaro magana da cuɗanya da mutane. Tun rasuwar mahaifin yarinyar, Maman Kurciya ba ta sake ɗaga ido ta dubi namiji ba, daga ita sai keken ɗinkinta. Sai da wannan mai gyaran wutar ya zo ɗaura mata fanka a shago, ya tafi da zuciyarta.

Amma duk ranar da ya biyo daga aiki ya shigo falo, sai yarinyar ta sandare, ido a kafe. A kira ta sau goma ba ta ji. Can sai ihu, ta toshe kunnuwa, ranar ko abinci ba ta ci.

"Allah ya sani ina son ka," ta ce. "Amma ba zan zaɓi kaina in bar ta cikin kuka ba."

"Ba ni minti biyar. In na kasa gane dalili, ba ki ƙara ganin ƙafata."

Ya cire takalmi, ya ajiye akwatin gefen kujera, ya je can ƙarshen falon ya zauna a ƙasa. Kurciya ta sandare kamar kullum. Ya bi inda idonta ya dosa da kallo.

"Zo ki gani... ba ni take kallo ba!"

A jikin akwatin akwai hoton gargaɗi irin na masu aikin wuta: ƙoƙon kan mutum, haƙora a waje, jar walƙiya ta ratsa shi.

Sai yanzu maganar malamar makarantar Kurciya ta dawo wa uwar, cewa wasu yaran irinta in hoton ban tsoro ya kama idonsu, janye hankalinsu daga kansa wahala ne, ko uwarsu ce ke kira.

Injiniya ya ɗauki akwatin a hankali ya fitar da shi waje, ya dawo ya zauna. Minti ɗaya, biyu... kafaɗun yarinyar suka sauka.

"Kurciya?" uwar ta kira a hankali.

Ta waiwayo. Kira ɗaya tak!

Maman Kurciya ta durƙushe, hawaye na zuba. "Shekara shida ina kallon fuskarta, ban taɓa duba abin da take kallo ba. Na gode... wallahi na gode."

"Hannuwanki biyu suna riƙe da ita, ina za ki ga gaba? Bar mini wannan aikin." Ya murmusa. "To yanzu korar tana nan, ko an yi mini afuwa?"

Ta yi dariya cikin kuka.

Kafin aure ya bi gidansa ɗaki-ɗaki. Ya sauke kalandar da ke da hoton kada baki buɗe, ya canza labulen da zanensa ke kama da idanu. Har hanyar makaranta ya taka da ƙafa, yana lura da allunan talla.

Wata biyu bayan ta tare, suna zaune su uku a asibiti suna jiran likita, Maman Kurciya ta hango hoton kare ya yage baki a bango. Ta shirya jin ihun Kurciya.

Yarinyar ta ƙame na ɗan lokaci. Sai ta lalubo hannun Injiniya, ta ɗora tafinsa a kan idanunta.

"Abba... rufe."

Ba ta taɓa kiran sa da kowane suna ba sai ranar. Ya dubi matarsa ta saman kan yarinyar, idonsa ya ciko, bai janye hannun ba.

"Alhamdulillah," kawai ta iya cewa.