Ƙofa ta Huɗu

Ku matso kusa. Lawisa, ajiye wayar nan. Abin da zan faɗa muku ko Inna ban taɓa gaya wa ba.

Lokacin ina aikin kwamfuta a wani asibitin kuɗi a Zariya. Akwai wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, ba taga, sanyi kamar firij. Nan babbar na'urar da muke kira saba take. Ƙarfe ɗaya ce, amma kwamfutoci uku ke zaune a cikinta. Ba su da jiki, a allo kawai ake ganinsu: ta ɗakin magani, ta katin marasa lafiya, ta ɗakin gwajin jini. A bayan na'urar akwai ƙofofi huɗu, wato ramukan saka wayar sadarwa. Aikina ranar in ba kowace kwamfuta ƙofarta.

Wata Asabar ce, gab da magariba. Ni kaɗai. Na raba uku, saura ɗaya.

Sai na ji an yi sallama a bayana. Alhali da hannuna na kulle ɗakin.

Wani dattijo ne, da rigar ma'aikata wadda ta koɗe. Bakinsa yana fara motsi, muryar sai daga baya take isowa.

"Samari, ta huɗun ta wa ce?"

Na ce, "Ba ta kowa ba ce, Baba."

"Tamu ce."

Na dubi allo. Kwamfutoci huɗu. Ta huɗun ba suna, kuma ba ni na yi ta ba. Na danna zan goge ta. Nan take fitilar ƙofar kwamfutar ɗakin gwaji ta mutu.

Wayata ta yi ƙara. Sista Talatu ce, nas ɗin ɗakin haihuwa.

"Tasi'u, me ka taɓa? Sakamako ya ƙi fitowa. Mace na zubar da jini, ba mu san rukunin jininta ba."

Na sunkuya in duba wayoyin. A nan na ga ƙafafunsa. Ba su kai ƙasa ba. Tsakaninsu da daɓe, tafin hannu zai wuce.

Na nemi addu'a a bakina na rasa. Ya ce, "Ba mu roƙi da yawa ba."

Na ba kwamfuta ta huɗun ƙofar.

Fitilu huɗu suka kama, kore shar. Har ta huɗun, wadda ba waya a jikinta. Na juya. Ba kowa.

Matar ta rayu. Shekara biyu na ƙara a wurin, na'urar ba ta taɓa tsayawa ba, ko an ɗauke wuta, ko janareta ya ƙi tashi. Ban sake shiga ba sai da mai gadi.

Da na gargaɗi wanda ya gaje ni, ya yi mini dariya. Ya shiga shi kaɗai, ya rufe ƙofa ta huɗu. Yana nan da ransa a Tudun Wada. Amma in kun gaishe shi, bakinsa zai motsa, sai kun ɗan jira kafin amsar ta iso.

Mudassir, kai da ke karatun kwamfuta: in rana ta kusa faɗuwa, kada ka shiga irin ɗakin nan kai kaɗai.