Muryar Walida a Cikin Akwati

Ku matso. Sadiya, kife wayar nan, haskenta ya dame ni.

Munzali abokin aikina ne a Zariya. Aikinmu kula da na'ura mai ƙwaƙwalwa, irin wadda ake ba umarni ta yi aiki da kanta. Ba a sakinta sakaka. A kwantena muke rufe ta, wato wani akwati a cikin kwamfuta, ba ƙofa ba taga. In ana so ta iya sabon abu, sai a ɗora mata ƙarin manhaja daga ƙunshin da aka riga aka haɗa. Dokarmu ɗaya ce: ƙunshin da ba mu muka haɗa ba, ba ya shiga.

Amma Munzali akwai gaggawar tsiya. Na sha gaya masa.

Wata magariba kowa ya tafi masallaci, shi kaɗai ya zauna yana fama, na'urar ta ƙi jin Hausar baka. Sai ga sallama. Wani dogo ne da farar riga, ya miƙo masa filashi, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta.

"Ga abin da kake nema."

Sai da bakin mutumin ya rufe, sannan maganar ta fito. Munzali ya lura, ya ce gajiya ce. Lokacin an gama goge ɗakin, tayil ɗin a jiƙe, amma babu sawun ƙafa ko ɗaya.

Ko bisimilla bai yi ba, ya ɗora wa na'urar ƙunshin da ke cikin filashin. Don gwaji, ya saka saƙon murya na ƙaramar 'yarsa Walida. Na'urar ta ji komai, tsaf. Ya juya zai yi godiya, babu kowa.

Sai rubutu ya fito a allo, ana neman izinin buɗe akwatin. Sifika ta yi ƙara, sai ga muryar Walida.

"Abba, buɗe min. Akwai duhu."

Ya kira matarsa, ya ji tana kuka.

"Abban Walida, ka zo gida. Bakinta na motsi, amma babu murya."

Ni ya kira bayan nan. Wallahi ta cikin waya ina jin muryar yarinyar daga sifikar ofis, tana ta roƙo.

Na ce, "Kada ka buɗe. 'Yarka tana gida. Wannan ba ita ba ce."

"In na goge, muryar fa, Barira?"

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. In ya buɗe, abin ya fito, ya bi duk wayar da ke haɗe da ofis. In ya goge, Allah kaɗai ya san abin da zai tafi da shi.

Na ji ya fara Ayatul Kursiyyu, yana sarƙewa. Kukan da ke fitowa daga sifikar ya yi ta kauri, ya yi ta kauri, har ya koma muryar ƙaton namiji. Ya goge akwatin, ya goge ƙunshin. Ya kai hannu zai zare filashin, ya tarar babu komai a wurin.

Da asuba Walida ta ce tana son koko. Uwarta har da sujada.

Ran Juma'ar nan na je gidansu. Ta rugo ta rungume ni, ta ɗago kai tana murmushi. Bakinta ya motsa, ya rufe. Sannan na ji, "Ina wuni, Anti."

Don haka kada wanda ya zauna aiki shi kaɗai da magariba. In kuma baƙo ya miƙo muku abin da ba ku san wanda ya haɗa shi ba, ku fara duban ƙasa.