Kaset ɗin Masu Janbaki

"Waɗannan kuma su wane ne?"

Gwaggo Hureira ta kai kwalin kaset ɗin har gaban hancin Kamila. A ledar abinci ta tsince shi, ƙarƙashin shinkafar da Halliru ya rataye musu a ƙofa. Ƙarti biyar ne a hoton, gashi har kafaɗa, ido raɗau da kwalli, baki da janbaki.

"Gwaggo mawaƙa ne fa... na ƙasar nan, tun kafin a haife ni. Ba ma wanda ya san su. Wani shago aka rufe a Chow Kit, shi ne ya samo..."

"Mawaƙan me? 'Yan daudu dai! Ni za ki yi wa boko? Mutumin da yake cewa zai aure ki, abin da ya ga ya dace ya aiko miki ke nan?"

"Wallahi adon masu irin kiɗan ne kawai..."

"Rufe min baki! Kwananki arba'in uwarki ta rasu, a bayan nan na goya ki. Ban raine ki don in kai ki inda maza ke shafa hoda ba. Kira shi yanzu, a gabana!"

Kamila ta kira. Ta ce masa ya yi haƙuri, kada ya ƙara nemanta. Ta ajiye wayar, ta shige ɗaki.

Bikin gama karatun Kamila ne ya kawo Gwaggo Kuala Lumpur, da niyyar sati uku. Korona ta rufe hanya. Ga ta wata na biyar a hawa na sha tara na wani bene a unguwar Titiwangsa, ba maƙwabciyar da za ta leƙo, ba mai sallama. Yanzu 'yar da take jin muryarta ma ta koma gaisuwa kawai.

Kwana tara da yin haka zazzaɓi ya kayar da Kamila. Wasu mutane cikin fararen kaya, ido kaɗai ake gani, suka zo suka tafi da ita. Gwaggo ta bi su tana faɗa da Hausa, suna ba ta amsa da yarensu. Suka ɗaura mata roba a hannu, suka nuna mata kada ta fita, suka ja ƙofa.

Gidan ya yi tsit.

Da azahar aka ƙwanƙwasa. "Gwaggo, Halliru ne. Tapau ne, ƙunshin abinci, na rataye muku."

Ba ta buɗe ba. Kwana biyu abincin yana lalacewa a ƙofa, yana zuwa ya sauya da sabo. Ran na uku ta ɗauka.

Talabijin ba ta iya kunnawa ba, waya sai dai a kira ta amsa. Abu ɗaya ta gane a duk gidan, tsohuwar rediyo mai kaset da yaron ya ba Kamila tun farkon kulle. Ta ce bari ta ji kaset ɗin nan da kunnenta, in ta koma Kano ta san abin da za ta kai wa iyayensa ƙara.

Ta danna.

Kamar an zubo kwanuka daga saman bene! Ta yi a'uziyya ta kai hannu za ta kashe, sai muryar mawaƙin ta shigo. Babu rangwaɗa a ciki, babu maƙale murya. Ihu yake har maƙogwaronsa na dusashewa, irin na wanda aka ƙwace wa abu yana kallo.

Hannunta ya tsaya. Ta san wannan ihun. Ita ma ta yi shi.

Washegari yana ƙwanƙwasawa ta matso jikin ƙofa.

"Kai! Tsaya. Wannan mawaƙin mai tsawon gashi, me aka yi masa yake kururuwa?"

"Kun saurara, Gwaggo?"

"Tambayarka na yi!"

"Sunansu Payung Bocor, wai lema mai yoyo. Gidan mahaifiyarsa aka rushe aka gina kanti. Ya yi ta yawon ofis, ba wanda ya ce masa zauna. Shi ne yake cewa tunda ba su ji shi da ladabi ba, za su ji shi da ihu."

"To janbakin fa?"

"Don a kalle su ne. 'Ya'yan talakawa ne, in ba haka suka yi ba ko waiwaye ba mai yi."

Gwaggo ta ja tsaki. "Ashe da na sani na shafa nawa na tafi kotu."

Dariya ta suɓuce masa, ya yi saurin cewa, "Ku yi haƙuri."

"Kai kuma me ya kai ka jin wannan hauka?"

"Kaɗaici. Gidan abincin da nake aiki a Bukit Bintang an rufe, ni kaɗai a ɗaki kamar kabari. Su suka riƙa yi min surutu. Na ga Kamila ma ta yi shiru da yawa, shi ya sa..."

Ta zauna daɓas a ƙasa, ta jingina da ƙofar. Ba ta san lokacin da ta fara ba. Ta ba shi labarin ranar da ƙannen mijinta suka watso mata kaya waje, tana gama takaba, Kamila na riƙe da zanenta. Mai unguwa ya ce ta yi haƙuri. Alƙali ya ce ina takarda, ita da ko sunanta ba ta iya rubutawa. Shekara sha ɗaya kowa haƙuri yake ce mata.

Halliru bai ce ta yi haƙuri ba. Daga bayan ƙofa ya ce, "Wallahi an zalunce ku, Gwaggo."

Ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na girgiza.

Wayarta ta yi ƙara. Muryar Kamila ce, siririya, tana haki. "Gwaggo... kin ci abinci? Wa yake kawo miki?"

"Wanda na sa kika kora."

Sai shessheƙa.

"Daina kukan, ba ki da numfashin ɓatawa! Ki ce masa ya tura manyansa wajen kawunki Ahmadu. Ke kuma ki warke ki dawo mini, 'yar nan... gidan ya yi mini girma."

Ta sunkuya ta tura wayar ta ƙarƙashin ƙofa.

"Ungo. Faɗa mata kana nan."