Batirin Cikin Kaset

Tun da aka fara zalunci a duniya ba a taɓa yi wa wani bawan Allah irin wanda aka yi wa Zakara ba, in ji Zakara. Mutum ya share shekara goma sha ɗaya yana bin shagunan tsofaffin kaya, yana tattaro na'urorin gem irin na da, waɗanda ake cusa musu kaset ta ka. Ya lallaɓa ya raba matarsa da ɗakin ajiya, ya kafa kanta hawa huɗu, ya bi da wayoyi ta bayan katako yadda ko ɗaya ba ta leƙowa, ya samo talabijin mai doro don a kansa kaɗai hoton yake fita da kyau. Sai a wayi gari mace ta shiga da jiƙaƙƙen tsumma.

"Ƙura na goge, Baban Auta," in ji matar.

"Tarihi kika goge," in ji shi, yana dafe da ƙirji.

Mai gyaran agogo ne, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan Zakara. Cikin kayansa akwai wani kaset ruwan toka wanda takardar jikinsa ta ɓare, wasan jirgi mai harbin duwatsu a sama. In an kunna, allon maki yake fara fitowa. A layin farko babu suna, ɗigo uku ne kawai, da maki dubu ɗari tara da ɗoriya. Wata uku Zakara yana bin makin nan, ko ƙurarsa bai hango ba, ga shi ya riga ya gayyaci abokansa ranar Asabar su zo su ga ɗaki da gwanin ɗaki.

Washegarin ranar tsumma ya kira Auta, 'yarsu mai shekara goma sha biyar, ya ce ta kunna kaset ɗin ta zama shaida. Ta kunna. Allon ya fito fayau, babu ɗigo ukun, babu makin. Ya yi ta faɗa har muryarsa ta dishe, amma ranar Asabar sunansa ne a sama da maki dubu arba'in, abokai suna tafi, shi kuwa yana sunkuyar da kai irin na masu kunya.

Da magaribar Lahadi matar tana ninke wanki, Auta tana aikin makaranta a ƙasa, sai dutse ya faɗo a kan rufin kwano. Ya gangara a hankali, ya tsaya. Na biyu ya biyo, sannan na uku. Zakara ya zagaya gidan bai ga kowa ba. Yana dawowa ya ji kiɗan wasan jirgi yana tashi daga ɗakin, siriri, kamar daga ƙasan rijiya. Ya tura ƙofa. Talabijin a kashe yake, wayarsa tana lilo nesa da bango.

A falo biro ya suɓuce daga hannun Auta. Ta haɗa hannuwanta kamar mai riƙe da wani abu, manyan yatsunta biyu suka fara motsi a iska.

Ba su daina ba. Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana shida. Ba ta iya riƙe cokali, sai uwar ta ba ta a baki. Idonta a buɗe, yana bin abin da babu mai gani. Likita ya duba, ya auna, ya ce bai ga komai ba. Zakara ya naɗe yatsun da auduga, suka ci gaba da motsi a ciki har fatar ta saɓule. Ya kai kaset ɗin shagonsa ya kulle cikin akwatin agogai, da rana ta faɗi ya tarar da shi zaune daram a cikin na'ura. Kullum in duhu ya fara sauka duwatsu su fara, gidan ya yi tsit, kowa ya sadda kai.

"Ka yafe mini," in ji matar a rana ta shida, hawaye yana bin fuskarta. "Da ban shiga da tsumman nan ba."

Zakara ya ce bari ya duba ƙofar waje.

Ita ce ta nemo Malam, wani dattijo mai ƙarancin magana. Ya zo bayan la'asar, ya sa aka zaunar da Auta a tsakiyar ɗakin gem, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Hasken taga ya ja da baya daga wannan kanta zuwa waccan har ya bar su cikin inuwa. Sai yatsun suka tsaya cak. Bakin yarinyar ya buɗe, murya ta fito, busasshiya, ta tsoho.

"Ka rage, Malam. Ina jinka."

"Wane ne kai?"

"Mai layin farko."

"Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Shekara talatin da ɗaya ina cikin kaset ɗin nan. Ban taɓa ɗan kowa ba, wasana nake yi. Rannan duhu ya rufe ni, na ƙirga goma. Da haske ya dawo babu komai, kuma fuskarta na fara gani."

Matar ta durƙusa. "Ni ce na goge. Ka sake ta, ka kama ni."

"Tashi, uwar gida," in ji muryar. "Tsumma ba ya kwance noti."

Malam ya ƙara karatu. Muryar ta yi nishi, amma jikin Auta ne ya lanƙwashe, jini ya ɓullo ta cikin audugar. Dattijon ya dakata, ya share gumi.

"Wanda aka zalunta yana da wuyar fita," in ji shi a hankali. "Faɗi abin da kake so."

"Makina. Yatsunta suna da sauri, da su zan mayar. Wata shekara talatin ɗin ba ta dame ni ba. In kuwa ba ita ba ce, mai hannun ya faɗa da bakinsa."

Zakara ya dubi kantocinsa, ya dubi matarsa a durƙushe, ya dubi audugar da ta rine. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Akwai wani ɗan batir a ciki," in ji shi, "irin na agogon hannu. Shi ke riƙe maki. In aka ɗaga masa ƙafa ɗaya da darma, aka ƙirga goma…"

"Wa ya ɗaga?" in ji Malam.

"To, an ɗaga dai."

"Baban Auta," in ji matar.

"Ni ne."

Muryar ta yi dariya mara daɗi. "Dubu arba'in. A kan dubu arba'in. To, ba ni hannunka."

"Ba za ka shiga jikin kowa ba," in ji Malam.

Suka yi ta ja har aka tsaya a kan magana ɗaya. Aljanin zai koma kaset ɗinsa. Zakara zai zauna kullum da yamma ya buga da yatsun kansa har makin ya koma yadda yake, kuma a wurin suna ya sa ɗigo uku. Auta ta yi atishawa sau uku, ta dubi hannuwanta, ta ce, "Mama, yunwa nake ji."

Yau shekara biyu ke nan. Yatsunta sun warke, ba ta ko kallon ƙofar ɗakin. Matar ta rataye tsumman a jikin ƙofar, ta ce shara ta koma hannun masana tarihi. Zakara ya kai dubu ɗari da saba'in, idonsa ya fara neman tabarau na biyu, kuma duk sanda jirginsa ya fashe sai tsakuwa ɗaya ta faɗo a kan kwano, ta gangara a hankali.

In baƙo ya tambaya, yakan fara da tsumma, ya bi ta kan masu ƙera kaset da suka sa noti biyu kacal, ya daɗe a can. Sai matar ta yi tari daga falo.

"To, ni na ɗaga batirin," yakan ce, idonsa a kan allo. "Amma ka je ka tambayi mai kaset ɗin. Aiki ne mai tsabta, ko ɗigon darma ban bari ba."