Tsohuwar Jujin Kwata

Gambo, ajiye takalmin nan. Na ga ka ɗauka za ka jefi magen da ke kan katanga. Me ta ci maka? Zo nan ka zauna kusa da Hinde. Ku matso, ba zan ɗaga murya ba. Irin wannan maganar ba a yi mata ihu.

Kun san hanyar bayan kwata, wadda ta bi ta jikin juji ta ɓulla gada? To, a bakinta akwai wani kango. Ƙawata Lantana da wasu 'yan sa-kai suka roƙi mai shi, suka share, suka kafa rumfa, suka mai da shi gidan maguna. Ba mai biyansu ko sisi. Magen da mota ta take, da wadda aka ɗaure a buhu aka yar, duk can ake kai su. Da safe su bi mahauta su roƙi ragowar huhu da hanji, su dafa a garwa, su raba. Wani malamin dabbobi kan leƙo in ya samu sarari, ya yi allura kyauta.

Sau ɗaya na taɓa bin ta. Ni Balaraba, kun san ni da ƙyanƙyami, ko gashi na gani a tuwo na gama cin abinci ranar. Ƙarnin jini, warin toroso, ƙudaje kore shar masu sauka a leɓen mutum. Ban kai ga garwar ba na juya na kelaya amai. Lantana ta yi ta dariya. Na ce mata Allah ya ba da lada, amma ni daga nesa zan riƙa taimakawa.

Sai dai duk ɗoyin wurin nan bai kai halin Barau ba.

Barau mai langaɓu ne, yana dafa ƙafar saniya a gefen juji. Kun dai san ko yaro aka aika ya zubar da ruwan zafi, sai an ce masa ya yi bisimilla, ya yi a hankali, balle da magariba. Ƙasar nan ba mu kaɗai ke zaune a kanta ba. Shi kuwa Barau a wajensa wasa ne. Wata magariba wata mage mai ruwan toka ta raɓo tukunyarsa, tana sansanar ƙashi. Ya sauke tafasasshen ruwan ya sheƙa mata a baya. Babu bisimilla, babu komai. Da gangan. Masu saye suka ce har da riƙe ciki don dariya. Tir! Namiji da gemunsa.

Magen ta ɓace. Sai bayan 'yan kwanaki, da la'asar sakaliya, ta jawo jiki ta shigo kangon. Fatar bayanta ta saluɓe. Ciwon ya ruɓe. Lantana ta miƙa hannu, magen ta yi mata wani huci, ta ƙi yarda a taɓa ta. Amma da ta kwanta a ɗakin magani, Lantana ta ga nonuwanta cike, suna ɗiga.

Shayarwa take yi ke nan. Akwai 'ya'ya a wani wuri, kuma in suka kwana ba uwa, ko yunwa ko karnukan kwata.

Sauran 'yan sa-kai duk sun tafi. Lantana ta rufe magen a ɗakin magani, ta sa kwaɗo, ta ɗaure mukullin a bakin zani. Ta saɓa jakarta ta kama hanyar juji. Ita kaɗai.

Ana ta kiran sallar magariba a cikin gari. Tana tafe tana ɗaga kwalaye, tana leƙa tsofaffin tayoyi, tana "mus, mus, mus." Shiru.

Sai ta lura ƙudaje sun daina kuka. Ungulayen da ke kan katangar kwata duk sun juya baya.

A gindin juji ga wata tsohuwa zaune. Ƙarama. Ta lulluɓa da zani mai ruwan toka. A gabanta ƙwarya, an rufe da faifai.

"Sannu, Iya," in ji Lantana.

"Yauwa, 'yar nan. Nema kike?"

Muryar ce ta fara tsayar mata da numfashi. Magana ce ta mutane, amma a ƙarƙashinta akwai wani gurnani da ba ya yankewa. Ko da tsohuwar ta rufe baki, yana nan.

"Jariran mage nake nema, Iya."

"Naki ne?"

"A'a."

"To ina ruwanki?"

"Za su mutu."

Tsohuwar ta juya baya, ta zame zanin daga kafaɗa.

"Fara duba min nan."

Hinde, in za ki toshe kunne ki toshe yanzu.

Tun daga wuya har ƙugu, babu fata. Mugunya na bin haƙarƙari. Tsutsotsi farare ƙal, sun yi cincirindo, suna shiga suna fita. Warin ya daki Lantana, yawu ya cika mata baki. Ta ce min sai da ta ciji leɓe har jini don kada ta yi amai a jikin baiwar Allah. Ni da ina wurin da tuni na kai gada.

"Kina ƙyama?" in ji tsohuwar.

"Ina ji, Iya." Lantana ba ta iya ƙarya ba. "Amma ki tsaya."

Ta durƙusa. Ta yi bisimilla. Ta ciro gorar ruwan gishiri daga jaka ta zuba. Ba ta da abin tsinta, sai yatsu. Da su ta riƙa zaƙulo tsutsotsin, suna motsi a tafin hannunta, tana yarfewa. Ta shafa zuma. Bandejinta ya ƙare tun da safe, don haka ta kwance ɗankwalinta, wani kore mai zanen ganye, ta yage shi, ta naɗe bayan. Ta ƙulle ta gefen hagu, ƙulli biyu, yadda ta saba.

Tana sunkuye ne idonta ya sauka a ƙafafun tsohuwar.

Babu dunduniya. Babu yatsu irin namu. Wasu 'yan curi ne masu taushi a tafin. Farata na fitowa a hankali, suna shiga laka, suna komawa.

Lantana ba ta ɗago kai ba.

"Kin san wanda ya yi min?" Gurnanin ya ƙara kauri.

Ta sani. Sunan yana kan harshenta, kuma Allah ya sani ta tsani mutumin. Amma ta haɗiye.

"Ba sai kin faɗa ba," in ji tsohuwar. "Na ji dariyarsa."

Ta tura ƙwaryar da ƙafa.

"Ɗauki. Kar ki buɗe a hanya. Kar ki waiwayo."

Ƙwaryar da ɗumi. Lantana ta rungume ta a ƙirji ta tafi. Ba ta yi gudu ba. Tana jin ana binta. Ba takun mutum ba. Wani abu mai laushi, da yawa, dama da hagu. Ta yi ta karanta duk abin da ya zo bakinta har ta ga ƙyauren kangon.

Kwaɗon yana nan yadda ta bar shi. Mukullin yana bakin zaninta. Ta buɗe, ta kunna fitilar waya, ta ɗaga faifan.

Jarirai ne, idonsu ko buɗewa bai yi ba. Cikinsu fal, bakinsu jiƙe da nono.

Ta haska lungu don ta kai wa uwar.

Magen tana kwance, tana kallonta. An naɗe bayanta tsaf da koren ƙyalle mai zanen ganye. Ƙulli biyu, ta gefen hagu.

Gambo, matsa mana, ka hau min cinya. Ɗazu ba kai ne jarumi mai takalmi ba?

Jariran duk sun rayu. Uwar ta shayar da su har suka fara cin huhu, sannan wata safiya aka neme ta aka rasa, ɗakin kuma a kulle. Lantana kuwa, har yau hannunta na dama bai daina wannan warin ba. Ta wanke da toka, ta wanke da lemun tsami, ta sa turare. Ni da nake ƙawarta ba na iya cin kwano ɗaya da ita, ta kuma sani. Amma duk magen da ta gagari kowa, tana sansanar hannun sai ta kwanta a yi mata magani.

Barau? Ya daina sayar da langaɓu. Kullum da sassafe za ka gan shi a ƙofar kangon da bokitin huhu, ya ajiye, ba ya haɗa ido da kowa. Riga mai kauri yake sawa ko ana zafin bazara. Ƙudaje na bin bayansa. Matarsa ta gaya wa maƙwabta rubda ciki yake kwana, kuma ba a taɓa ganin wuta ko ruwa sun taɓa shi ba.

Gobe Asabar. Kuɗin alawarku ku kawo a sayi zuma, ku kai wa Lantana da rana tsaka, ku biyu tare, ta bakin titi. Hanyar juji kuwa, ko da me za a ba ka, kar ka bi ta kai kaɗai in rana ta yi ja.

Hinde, ruwan shayin can da ya rage, je ki zubar. A hankali. Me za ki fara cewa?